Uwar kuɗin Kawu

A ƙarshen Maris ɗin 2024, ana cikin azumi, autan Kawuna ya same ni a shago da waya a hannunsa. Kwana biyu ke nan da Babban Bankin Najeriya ya sanar cewa duk bankin da ke son ci gaba da hulɗa da ƙasashen waje sai ya tara jarin naira biliyan 500, na cikin gida biliyan 200, na shiyya biliyan 50, an kuma ba su zuwa ƙarshen Maris ɗin 2026. Yaron ya ce, "Yaya, an ce bankuna za su fito da hannun jari, ta waya ma ana iya saye. Kai da ka san cikinsu, in shiga?"

Na ce ya bari sai bayan an sha ruwa. Lokaci kawai nake nema, domin a aljihun teburin da ya dafa da gwiwar hannunsa akwai takardar da ta cinye kuɗin ubansa, shi kuwa lokacin da abin ya faru ko firamare bai gama ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya biya min kuɗin makaranta har na fita daga Jami'ar Bayero. Hatsi yake saye da sayarwa a Dawanau: masara, dawa, gero, wake, wani lokacin riɗi. Bai yi boko ba, amma da ajami yake rubuta lissafinsa a wani dogon littafi mai baƙin bango, kuma ban taɓa jin an kama shi da kuskuren tiya ɗaya ba. Mutane suna barin kaya a sitonsa, wasu daga Maraɗi, wasu daga Kudu, su tafi wata uku ba su waiwayo ba. Wata damina rufin sito ya yi yoyo, wake ya jiƙe ya ruɓe, buhu kusan 40, kuma yawancinsa na ajiya ne. Ina aji huɗu a sakandare lokacin. Na ga Kawu ya sa an kwashe ruɓaɓɓen, ya sa an cike gurbin daga nasa, bai gaya wa ko mutum ɗaya daga masu kayan ba. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Ɗana, mai riƙe kayan mutane dole ya zama yana da nasa a gefe. In ɓaraka ta zo, naka take fara ci. Ranar da naka ya ƙare ta shiga na mutane, ranar ka tashi daga ɗan kasuwa."

Shekaru bayan haka, a ɗakin horon sababbin ma'aikata, wani malami ya shafe wuni biyu yana zana mana wannan maganar a allo da Turanci. A kowace naira 100 da banki ya bayar bashi, bayan an auna haɗarinta, aƙalla naira 8 ta zama ta masu bankin ce, kuɗin da ba na masu ajiya ba. In bashi ya mutu, wannan takwas ɗin ake fara ci. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa. Ko sau ɗaya bai zo min a rai cewa waken Kawu ake faɗa ba.

A 2002 na fara aiki, a wani ƙaramin banki mai rassa kaɗan. Kawu bai so ba, saboda kuɗin ruwa, amma bai hana ni ba. Ya dai daina kirana da sunana, ya koma ce min Manaja, rabi tsokana rabi alfahari. Bankuna 89 ne a ƙasar a 2004, wasu ba su fi shagon canji girma ba. Ranar 6 ga Yulin 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce mafi ƙarancin jarin banki ya tashi daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, wa'adi ƙarshen Disambar 2005. Aka shiga auren dole. Hatta Bankin Arewa, mai dogon benen nan na Kano da muke nuna wa baƙi muna yara, sai da ya haɗu da wasu takwas suka zama Unity. Da ƙura ta lafa bankuna 25 suka rage, 14 aka karɓe lasisinsu. Namu wani babba ne ya haɗiye shi, na wayi gari da sabon katin wuya da albashin da ya kusa ninka na da.

Wanda bai ga 2006 da 2007 a cikin banki ba, da wuya ya gane yadda kuɗi ke bugar da mutum. Biliyan 25 ɗin da aka sha wuya kafin a tara ta zama abin raini. Kowane banki so yake a ce shi ne na ɗaya, sai suka riƙa komawa kasuwa ɗaya bayan ɗaya suna sayar da sababbin hannayen jari. Farashi kullum sama yake yi. Direbobi, malaman makaranta, matan aure masu adashi, kowa yana cike fom. Mu kuma aka ɗora wa kowannenmu taget: ga adadin ajiyar da za ka kawo, ga adadin hannun jarin da za ka sayar. Duk ranar Litinin da sassafe a taru, a karanta sunanka da abin da ka kawo a gaban kowa. Wanda ya gaza sau uku ya san sauran.

A sayarwar da bankinmu ya yi a 2007, saura kwana tara a rufe ina da giɓin naira miliyan 3 da ɗoriya, kuma ƙarin girmana yana rataye a kai. Na bi abokai, na bi surukai, na ƙare. Sai na tafi Dawanau.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar sito, a kan buzunsa, ana auna masa gero. Na zauna na yi ta zuba. Na ce hannun jarin da aka saya bara ya ninka. Na ce duk shekara ana raba riba, har a ƙara maka wasu hannayen kyauta, kamar gyara. Yana ji, yana jan carbi. Sai na kawo abin da nake ganin shi ne babban tayin: in ya sa miliyan 3, akwai kamfanin dillancin hannun jari na bankin da zai ranta masa wasu miliyan 3 ya ƙara saye, hannun jarin da kansa shi ne jingina.

Ya tsayar da carbin.

"Tsaya, Manaja. Bankin ne zai ba ni bashi in sayi bankin?"

Na ce kusan haka ne, amma ta wani kamfani daban.

"Kamfanin na wa?"

"Na bankin."

"To kuɗin wa ya shigo? Ka ciro daga aljihun dama ka sa a na hagu, ka ce uwar kuɗi ta ƙaru? Kuma wanda ka ciro ɗin ma ai na masu ajiya ne."

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi, irin ta ɗan boko da ke ganin tsoho bai fahimci zamani ba. Na ce masa akwai masana a Legas da suka tsara abin. Ya ce Allah ya ba su sa'a. Bashin dai ba zai karɓa ba, ribar da ake rabawa ma ba zai ci ba, don bai san daga inda ta fito ba. Ya yi shiru, ya dubi takalmina da ƙura ta rufe, sannan ya ce, "In ban saya ba, me zai same ka?" Na gaya masa. Ya ce in dawo jibi.

Masarar da ya ɓoye yana jiran tashin farashi ya fitar ya sayar kafin lokacinta, ya haɗa da kuɗin wani fili da ya sayar a bayan gari. Ya miƙo min a jakar leda mai zanen dara, ya ce, "Ba don bankinku ba ne. In ka samu girman, ka sayar ka dawo min da uwar kuɗina, ko kwabo ba na so a kai." Ya dangwala yatsa a fom, na cike sauran.

Na samu girman. Ni kuma na karɓi bashin da Kawu ya ƙi, wanda ake ba ma'aikata, na sayi nawa hannun jarin da kuɗin da ya fi albashina na shekara biyu.

Abin da ban gaya wa Kawu ba, don ni ma ban ɗauke shi komai ba, shi ne ba a sayarwa sai takardar shaida ta fito, ita kuwa takan yi watanni a ofishin masu rajista. Tasa ta iso bayan kasuwa ta riga ta juya. A watan Maris na 2008 kasuwar hannun jari ta kai ƙololuwa, daga nan ta fara gangara. Turawan da suka zuba kuɗi suka fara janyewa saboda wutar da ta kama bankunansu a Amurka da Turai. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta dawo ƙasa da 40 kafin shekara ta fita. Na kai takardar Kawu a tantance sa hannu, aka ce dangwalen yatsa sai an zo da shaida, aka mayar da ita, na sake aikawa. Kafin a gama wannan kai-komo, ko ka sa a kasuwa babu mai taya. Kullum ina ce wa kaina zai farfaɗo. A cikin shekara guda kasuwar ta zubar da wajen kashi biyu cikin uku na darajarta, hannayen jarin bankuna kuma su suka fi shan kashi.

Nan ne zan faɗi nawa laifin na cikin ofis, wanda ya fi na Dawanau nauyi a wurin hukuma, ko da yake a zuciyata bai kai shi ba.

Akwai wani Alhaji, babban ɗan kasuwa, da fayil ɗinsa ke hannuna. An ba shi bashin shigo da kaya na miliyoyi masu yawa. Kayan farko sun shigo. Na biyu ba su shigo ba, domin kuɗin kasuwar hannun jari ya tafi, kuma duk mun sani, don a teburinmu ya cike fom ɗin. Da kasuwa ta faɗi, biya ya tsaya. Ƙa'idar Babban Banki a bayyane take tun 1990: bashin da ya yi kwana 90 ba a biya ba, banki ya ware kashi 10 cikin 100 nasa a matsayin asara, in ya kai kwana 180, rabi, in ya shekara, duka. Wannan warewar daga riba ake cire ta, in riba ta ƙare a shiga uwa. Shi ya sa babu manajan da ke son jin kalmar. Abin da muke yi, in kwana 90 ya matso, sai a rubuta wa Alhaji sabon bashi da sabon suna, a ɗauki kuɗin a biya ruwan tsohon. A takarda, Alhaji mai biya ne a kan lokaci. Ruwan da muka biya kanmu da kanmu a rubuta shi riba, a aika hedikwata, a haɗa da na sauran rassa, a buga a jarida, a raba wa masu hannun jari, mu ma a ba mu ladan ƙwazo. Sau huɗu na rubuta wannan takardar da hannuna. Ba wanda ya sa min wuƙa a wuya. Manajana dai yakan ce, "Ka gyara fayil ɗin nan kafin ƙarshen wata," ni kuma na san me gyara take nufi.

A watan Yunin 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa Sanusi Lamido Sanusi gwamnan Babban Banki. Mu 'yan Kano na ofis har murna muka yi, ɗan gida ya samu. Wani tsohon ma'aikaci da ya san shi ya ce mu rage murna, mutumin nan a sashen auna haɗarin bashi ya yi rayuwarsa, ya san duk inda ake binne gawa. Ba a jima ba aka tura masu bincike na Babban Banki da na hukumar inshorar ajiya, NDIC, cikin bankuna goma na farko. Namu na ciki.

Mun saba da masu bincike. A da sukan zo, a ba su ɗaki mai sanyi, a kai musu fayilolin da aka zaɓa, su duba ko takardu sun cika. Waɗannan da jerin sunayensu suka zo. Aka kira ni ofishin shiyya da fayil ɗin Alhaji. Wanda na samu dattijo ne siriri mai furfura a gemu, da tabarau a kan hanci da biro ja. Na ajiye masa fayil mai kauri kamar bulo, komai a jere: takardar fili, rahoton mai kimanta gida, sa hannun kwamiti. Bai buɗe ba. Ya tura shi gefe, ya ce in buga masa bayanan shige da ficen asusun na wata 18.

Ya bi layi-layi da bakin biro, shiru, kusan minti ashirin. Ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ni kuwa gumi ya jiƙa min kwala. Duk inda kuɗi ya shigo sai ya ja layi ya haɗa shi da bashin da aka saki a ranar ko kwana ɗaya kafin ta. Layi huɗu ja. Sannan ya cire tabarau, ya bar Turancin da muke yi, ya ce da Hausa mai karin Fulatanci, "Malam, nuna min rana ta ƙarshe da kuɗin da ba naku ba ya shigo asusun nan."

Na duba kamar ban sani ba. Wata 14 baya.

Ya rubuta kalma ɗaya a gefen takardar, ya ce, "Duka za a ware." Ya ɗago ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa. "Kana da iyali?" Na ce mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Ya gyaɗa kai, ya ce in turo na bayana.

A mota ina komawa, ba Alhaji nake tunani ba. Tambayar dattijon nan ita ce tambayar Kawu a ƙofar sito, ba ragi ba ƙari. Ɗaya da biro ja, ɗaya da carbi.

Ranar Juma'a 14 ga Agusta, saura kamar mako guda a ɗauki azumi, muna dawowa daga masallaci wayoyi suka fara ruri. An cire shugabannin bankuna biyar, an naɗa wasu, Babban Banki ya zuba musu naira biliyan 420. Bashin da ya ruɓe a cikin biyar ɗin ya haura tiriliyan 1, wajen kashi 40 cikin 100 na duk abin da suka bayar, kuma an daɗe suna rayuwa ne da rancen da suke karɓa daga Babban Banki. Mu da ke ciki mun san ana ƙamfar kuɗi, don akwai ranakun da babban ceki sai an yi ta waya da Legas kafin a biya, amma ban taɓa zaton ramin ya kai haka ba. Kowa ɓarakar teburinsa kawai ya sani. Bayan 'yan kwanaki aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, EFCC ta shiga. A farkon Oktoba aka ƙara cire shugabannin wasu bankuna uku, kuɗin ceto ya kai biliyan 620.

Litinin ɗin da ta biyo, tun kafin ƙarfe takwas layi ya kai titi. Umarni ya zo cewa duk wanda ya nemi kuɗinsa a ba shi, kada a ja. Na tsaya a bakin kanta ina rantsuwa ga mutanen Kwari da Singa cewa ajiyarsu na nan. Wata tsohuwa ta cire duk abin da take da shi, ta zauna a benci ta ƙirga sau biyu, ta ƙulle a bakin zane, ta yi zaune kamar rabin awa tana kallon yadda ake biyan kowa, sannan ta dawo layi ta mayar. Kafin Laraba layin ya watse. Gwamnan ya ce ba mai ajiyar da zai rasa kuɗinsa, kuma haka aka yi. A lokacin inshorar ajiya naira 200,000 kacal take biya in banki ya mutu, don haka da an bar bankunan sun faɗi, da 'yan kasuwar da na rantse wa sun tsine min har kabari.

An yi ta cacar baki a kan abin, wasu na cewa gyara ne, wasu na cewa wata manufa ce ta ƙwace bankunan 'yan Kudu. Ni ban shiga ba. Na ga layi huɗu ja da idona, kuma na san fayil irin na Alhaji ba ɗaya ba ne ko a ƙaramin reshenmu.

To amma asara ba ta ɓacewa don an ceci masu ajiya, sai dai ta sauka a kan wani. Da aka ware abin da ya kamata a ware tun tuni, ribar da aka yi shekaru ana shela ta zama toka, uwar kuɗin ta ƙare, har ta koma ƙasa da sifili. Jarin da ake ta kira da biliyoyi, wani ɓangarensa dama iska ne, kuɗin aljihun dama ne da aka mayar hagu. Ɓangaren da yake na gaske, wanda ya sha dukan, shi ne irin na jakar ledar nan mai zanen dara. Haka dokar take, kuma daidai ne: mai hannun jari shi ne mai banki, nasa ake fara ci. Sai dai duk tsawon zaman da na yi a ƙofar sito ina zuba, ban ce wa Kawu "za ka zama mai banki, in rufi ya yi yoyo wakenka za a ɗiba" ba. Da na faɗa masa da wannan harshen, da ya gane nan take, kuma ina jin da ya nemi ya ga rufin.

A Disambar shekarar aka ba ni takardar sallama tare da wasu da yawa. Kuɗin sallamar bai shigo hannuna ba, an riƙe shi a bashin hannun jarina, har da saura a kaina. Na sayar da mota. Muka tashi daga gidan haya na Nasarawa muka koma ɗaki biyu a gidan surukaina, abin da ko maƙiyina ba na yi wa fata.

Wata huɗu ina kewaye Dawanau. Ko ɗaurin aure na ji Kawu zai je, sai in sami uzuri. Shi ya aiko a kira ni. Na same shi a kan buzun nan dai, na durƙusa, na kasa haɗa ido da shi. Na fara bayanin faɗuwar kasuwar duniya, ya ɗaga hannu.

"Nawa ya rage?"

Na faɗa masa abin da za a samu in an sami mai saye. Bai kai kuɗin buhu 30 na masara ba.

"Na masu ajiya fa?"

Na ce ba wanda ya rasa ko sisi.

Ya daɗe yana kallon 'yan dako suna loda wata tirela. Sannan ya ce, "To alhamdu lillahi. Da na mutane ne ya salwanta ta hannunka, da ban san inda zan sa kaina ba." Ya jawo baƙin littafinsa, ya buɗe wani shafi, ya ja layi a kan wani rubutu, ya rufe. "An ce ba ka da aiki. Yaron da ke min lissafi ya tafi karatu. Gobe ka zo da wuri, Manaja."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya. Amma na ga abin da ta jawo: shekara biyu bai iya ɓoye kaya da kaka ba, sai dillanci, kuma Hajjin da ya yi niyyar kai matarsa Inna sai da ta jira shekara biyar.

Daga teburin lissafin sito na kalli sauran abin. A 2010 aka kafa AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan a kan ragi, fayil ɗin Alhaji ma can ya tafi, kuma har yau hukumar tana bin mutane tiriliyoyi. Aka ce shugaban banki kada ya wuce shekara 10 a kujera. Aka sa duk bankuna su rufe lissafin shekara a rana ɗaya, 31 ga Disamba, wanda ya kashe wata tsohuwar dabara da muka sani, ta ranta wa juna kuɗi na 'yan kwanaki don kowa ya yi ƙiba a ranar ɗaukar hotonsa. Aka raba banki da harkokin da ba nasa ba. A Agustan 2011 aka karɓe lasisin uku daga bankunan da aka ceta aka miƙa su ga AMCON da sababbin sunaye, sauran kuma yawanci wasu suka saye su. Sunan namu ya ɓace daga kan titi. Ginin reshenmu yana nan, an sake masa fenti.

Ƙarin jarin da aka nema a 2024 bai ba ni mamaki ba. Biliyan 25 ta Soludo ta kai kusan dala miliyan 190 a lokacinta. Da naira ta faɗi, ko miliyan 20 ba ta kai ba. Abin da na fi lura da shi a sanarwar shi ne an ce ribar da banki ya tara ba ta shiga lissafi, sai kuɗin da masu hannun jari suka zuba. Na ce a raina, wanda ya rubuta wannan ya taɓa ganin riba irin wadda nake rubutawa. Yawan biliyoyin bai cika burge ni ba, don na ga miliyoyi sun narke cikin wata 14 a layi huɗu ja. Abin da nake so in sani game da kowane banki shi ne ko akwai mai zuwa ya ture fayil gefe ya nemi bayanan asusu, kuma ko yana zuwa kafin rami ya yi zurfi.

Kawu ya rasu a 2017. Ranar rabon gado aka buɗe akwatin ƙarfensa, aka sami takardar a cikin leda, tare da takardun rabon riba guda biyu da bai taɓa kaiwa banki ba, sun yi ja don tsufa. Malamin da ke rabo ya juya ta, ya ce wa ya san darajar wannan? Duk aka juyo aka dube ni. Na ce a rubuta babu. Inna, daga bayan labule, ta ce a ba ni ita in ajiye, tunda ni na san ta. Har yau ban san ko da wata manufa ta faɗa ba, ban kuma tambaya ba.

Bayan an sha ruwa yaron ya dawo, da kunu a leda ya kawo min. Na buɗe aljihun tebur na ciro takardar na ajiye a gabansa. Ya karanta sunan ubansa, ya karanta sunan bankin, ya ce bai taɓa jin wannan bankin ba. Na ba shi labarin tun daga jakar leda har layi huɗu ja, ban rage nawa ba. Ban ce kada ya saya ba. Na ce in zai saya, ya saya da kuɗin da in sun tafi shagonsa ba zai rufe ba, kada ya karɓi rancen kowa a kai, kuma ya sani ranar da ya danna wayar nan ya zama mai sito.

Ya daɗe yana kallon wurin da Kawu ya dangwala yatsa a kwafin fom ɗin da ke manne a baya. Sannan ya ce, "Yaya, in tafi da ita in nuna wa Inna?"

Na ce ta san ta. Ya mayar da ita cikin ledar da kansa, ya miƙo min, muka tashi don an kira isha'i.